ALLURAR CIKIN IDO: MAGANI YA SAMU, SAURA HANYAR KAI SHI ƘAUYE

Daga wani Jami'in Ilmi

Kwanan baya, sa'ad da na ke zagayen duba makarantu arewa da Bichi, na ratse wani ƙauye don in gai da wani dattijo, tsohon hedimasta, wanda a hannunsa na koyi riƙon alƙalami. Na iske shi a zaure bisa buzu, littattafansa a jere cikin alkuki, ƙura ta hau su. Tun daga ƙofa ya gane muryata, amma da na zauna gabansa sai na lura yana karkata kai, yana dubana ta wutsiyar ido. Da muka gaisa ya ce, "Ɗana, in na rufe idon dama, ina ganin hularka da rigarka, amma inda fuskarka ta ke sai wani duhu kamar an shafa toka."

Ya ba ni labari cewa shekara biyu ke nan da ya fara ganin layukan rubutu suna lanƙwashewa a idon hagu. Waɗansu suka ce tsufa ne, waɗansu suka ce yana ce, a bari ta nuna tukuna. Ya yi ta ɗiga magungunan kemis har damina biyu. Ran da ɗansa ya kai shi birni, likita ya duba ya ce idon hagu ya riga ya yi tabo, ba abin da za a iya yi masa, amma cutar ta soma taɓa na dama, shi kuwa ana iya tsare shi da wata allura da a ke yi cikin idon kansa, sau ɗaya ko wane wata. An sayar da tumaki biyu, an yi masa allura biyu. Ta uku ta faɗo daidai lokacin shuka da sayen taki, kuɗi suka yanke. Wannan al'amari shi ya sa na ga ya kamata mu tsaya mu dubi maganar alluran nan, mu san mece ce, daga ina ta fito, da kuma abin da ya hana ta isa ga mutanenmu na karkara.

Yadda cutar ta ke

A can ƙuryar ido, ta baya, akwai wani tantani siriri kamar ɓawon albasa wanda ya shimfiɗe cikin ƙwayar ido. A kansa hasken da ya shigo ya ke sauka, daga nan jijiya ta kai labari ga ƙwaƙwalwa. A tsakiyar tantanin akwai wani ɗan wuri wanda faɗinsa bai wuce na ƙwayar dawa da yawa ba. Da wannan ɗan wuri mu ke karatu, da shi mu ke gane fuskar mutum, da shi mace ke zura zare a allura, da shi ɗan kasuwa ke bambance takardar kuɗi. Sauran tantanin aikinsa ganin gefe ne, watau abin da ke hana mutum cin karo da bango.

To, idan shekaru suka ja, musamman daga 50 zuwa sama, ɗan wurin nan ya kan soma lalacewa ga waɗansu mutane. Lalacewar iri biyu ce. Akwai busasshiya, wadda ta fi yawa, tana tafiya sannu a hankali cikin shekaru. Akwai kuma mai ruwa, wadda ba ta fi kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na masu cutar ba, amma ita ce ta ke jawo mafi yawan mugunyar asarar gani. A cikinta waɗansu ƙananan jijiyoyin jini ne ke tsirowa ƙarƙashin tantanin, inda bai kamata su tsiro ba, kamar yadda saiwar ƙirƙiri ke ɓullowa ta ƙarƙashin daɓen ɗaki ta ɗaga shi. Jijiyoyin ba su da ƙwari, sai su riƙa tsiyayar da ruwa da jini, tantanin ya kumbura. Sabo da haka ne madaidaicin layi ke komawa karkatacce a idon mai cutar. In an bar su, cikin 'yan watanni wurin ya zama tabo, tabo kuwa ba ya komawa.

A nan ne kuskuren da aka yi wa malamina ya ke. Yana tana gaba ne, a kan madubin ido, kuma ko ta daɗe, in an cire ta gani ya kan dawo. Wannan cuta kuwa tana baya, mai kallo daga waje ba zai ga kome ba, ido fari tas, ba ja, ba ciwo, ba hawaye. Wanda ya zauna jiran ta nuna, tabo ya ke jira. Cikin abubuwan da ke jawo ta, bayan tsufa da gado, babu wanda aka tabbatar kamar shan taba.

Asalin maganin

Abin mamaki, ba don ido aka fara neman maganin nan ba. A shekarar 1971 wani likita a Amurka, Judah Folkman, ya kawo ra'ayin cewa ciwon daji ba ya girma sai ya janyo wa kansa sababbin jijiyoyin jini, don haka in an hana jijiyoyin tsirowa an toshe masa abinci. A 1989 Napoleone Ferrara, wani masani ɗan asalin Italiya da ke aiki a kamfanin Genentech, ya ware sinadarin da jiki ke aikawa don ya umurci jijiyoyi su tsiro, wanda a ke taƙaita sunansa da VEGF. Daga nan aka haɗa maganin da ke kama sinadarin ya ɗaure shi, aka sa masa suna Avastin, hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da shi a 2004 don ciwon dajin hanji.

A 2005 wani likitan ido a Miami, Philip Rosenfeld, ya gwada ɗan ƙanƙanin abu daga Avastin cikin idon mai wannan cuta, kumburin ya sauka. Labari ya bazu cikin likitocin duniya kamar wutar daji. A 2006 kamfanin Genentech ya fito da wani magani ɗan'uwansa wanda aka yi musamman don ido, sunansa Lucentis. A babban gwajin da aka yi masa, kimanin 95 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allurar ba su yi babbar asarar gani ba cikin shekara guda, alhali cikin waɗanda ba a yi wa ba 62 ne kawai suka tsira haka. Tsakanin rubu'i da sulusinsu ma ganinsu ƙaruwa ya yi sosai, abin da ba a saba gani ba a zamanin da a ke ƙona jijiyoyin da hasken leza. Bayansa Eylea ya fito a 2011, Vabysmo a 2022, shi wannan waɗansu masu cutar su kan yi wata huɗu kafin a sake yi musu. A ƙasar Denmak an lissafa cewa sababbin masu makancewa ta dalilin cutan nan sun ragu da rabi tsakanin 2000 da 2010.

Jin an ce allura cikin ido ya kan sa tsikar jiki ta tashi, amma aikin ba shi da tsawo. Ana ɗiga maganin kashe zafi, a wanke ido da aidin, sa'an nan a soka wata siririyar allura ta farin ido, kimanin milimita 4 daga gefen baƙin. Abin da a ke zubawa bai fi ɗigo ɗaya ba. Mutum ya kan tashi ya koma gida ran nan. Sai dai ƙarfin maganin ya kan ƙare cikin makonni, jijiyoyin su sake yunƙurowa. Don haka a kan fara da allura uku, wata wata, daga baya a riƙa ɗaukar hoton bayan ido ana tsawaita tsakani gwargwadon yadda ruwan ya bushe. Waɗansu su kan shekara da shekaru a kai.

Rigimar kuɗi

Sa'ad da Lucentis ya fito, kuɗin allura ɗaya a Amurka ya kusa dala 2,000. Avastin kuwa, da ya ke kwalabarsa ta masu ciwon daji ce, mai miligiram 100, ido kuma miligiram 1.25 kaɗai ya ke bukata, kwalba ɗaya ta kan ishi mutane da yawa, sai kuɗin allura ɗaya ya tsaya wajen dala 50. Gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyin gwada su biyun a kan mutane kimanin 1,200, sakamako ya fito a 2011 cewa amfaninsu ga gani daidai ya ke. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Avastin cikin jerin magungunan da ba makawa ko wace ƙasa ta tanada, don aikin ido. A 2014 hukumar hana danniyar ciniki ta Italiya ta ci kamfanonin Roche da Novartis tarar fiye da yuro miliyan 180, bisa laifin haɗa baki don a ture likitoci daga mai araha zuwa mai tsada. A 2018 wata babbar kotu a Ingila ta yanke hukunci cewa hukumomin lafiya na arewacin ƙasar suna da ikon ba marasa lafiya mai arahar.

Mu auna wannan da ma'aunin gida. A 2024, bayan an saki naira a watan Yuni na 2023, dala ɗaya ta haura naira 1,500. Da wannan canji dala 2,000 ta zama naira miliyan 3. Mafi ƙanƙantar albashi da Gwamnatin Tarayya ta sa wa hannu a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne, watau ƙaramin ma'aikaci sai ya yi aikin fiye da shekara uku da rabi bai ci ko anini ba kafin ya tara kuɗin allura ɗaya. Ko mai arahar ma, dala 50 ta tashi naira 75,000, ta ɗara albashin wata. Ashe ke nan abin da a ke kira araha a Ingila, a ƙasar Dambatta kuɗin akuya ne, kuma ko wane wata.

Ko wannan matsalarmu ce?

Wani mai tunani zai ce, yaya za a tsaya zancen allurar masu kuɗi alhali ƙauyukanmu cike su ke da masu yana? Maganarsa tana da ƙarfi, kuma ƙididdiga tana bayansa. A binciken makanta na ƙasa baki ɗaya da aka yi daga 2005 zuwa 2007, an duba mutane fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama, aka sami 4.2 cikin 100 makafi ne, watau mutum kimanin miliyan 1.13 a Nijeriya. Yana ita ta jawo kashi 43 cikin 100 na makantar, hawan jinin ido ya jawo wajen 17, kuma kashi 84 cikin 100 duk abin da a ke iya hanawa ne ko a warkar. Lalacewar tsakiyar tantani rabonta kaɗan ne ƙwarai, an kuma san ta fi kama Turawa bisa baƙar fata. Saboda haka in Gwamnati na da naira ɗaya tak, aikin yana ya kamata ta fara ba, aiki ne na sau ɗaya, mutum ya tashi ya koma gonarsa. Ban musa wannan ba.

Amma akwai abu biyu da ya kamata a haɗa cikin lissafi. Na farko, alluran nan ba ta tsaya ga cutar tsufa kaɗai ba. Ita ce a ke yi wa mai ciwon sukari idan tsakiyar tantaninsa ya kumbura, ita ce kuma a ke yi wa wanda jijiyar bayan idonsa ta toshe, abin da hawan jini ya kan jawo. Waɗannan kuwa cututtukanmu ne. Masu ciwon sukari a ƙasan nan sun kai miliyan 3, kuma a binciken da na ambata kusan rabin waɗanda aka samu da shi ba su san suna da shi ba. Wane ofis ne a ƙananan hukumominmu, ko wace makaranta, da ba za a sami mai sukari ko mai hawan jini ba? Su kuwa ba tsofaffi ba ne tukuf, magidanta ne masu 'ya'ya a makaranta. Har wa yau akwai wani reshe na cutar jijiyoyin ƙarƙashin tantani da likitoci suka lura ya fi samun mutanen Asiya da baƙar fata.

Na biyu, ƙididdigar ta makafi ce, ba ta lissafa irin malamina ba, wanda ke iya zuwa masallaci da ƙafarsa amma ba ya iya karanta aya ɗaya. Ga akawu ko malamin makaranta, asarar tsakiyar gani asarar sana'a ce ɗungum.

Abin da ke tare hanya

Kano ba baƙuwa ba ce ga aikin ido. Tun 1943 'yan mishan na SIM suka buɗe asibitin ido a birnin, wanda yanzu ke hannun ECWA. Ga sashen ido na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ga Asibitin Ido na Makka, ga kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Sai dai duk a birni su ke, kuma likitocin da suka ƙware a kan bayan ido da na'urar da ke ɗaukar hoton kumburin, a irin waɗannan manyan wurare a ke samunsu.

Mutumin Makoɗa ko Kunci ko Tsanyawa ba shi da nisa da Kano in an dubi taswira. Ƙasa ce mai cunkoson jama'a, gona na manne da gona, hanyar Katsina da ta Daura sun ratsa ta. Amma mai ciwon ido ba ya tafiya shi kaɗai, sai da ɗan rakiya, kuɗin mota ya zama biyu, tun kuwa da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuɗin motar ya ninka. Ɗan rakiyar kuma yini guda ya bari na noma. In sau ɗaya ne, dangi su kan haɗa. In an ce ko wane wata, daga shuka zuwa noman farko zuwa maimai, sai a ga an fara tsallake wata, daga nan a bari gaba ɗaya, kuɗin da aka kashe a baya ya tafi a banza.

Sai maganar tsabta da jabu. Maganin yana bukatar sanyin firiji kullum, a ƙasar da wutar lantarki ke zuwa tana ɗaukewa. Rarraba kwalba ɗaya zuwa allurai da yawa kuwa aiki ne da sai a ɗaki mai tsananin tsabta. Idan an yi yadda ya kamata, ƙwayar cuta ba ta shiga ido sai kamar sau ɗaya cikin allura dubu biyu ko uku. Idan an yi sakaci, mutane da yawa su kan rasa ido rana ɗaya, kamar yadda ya faru a lardin Punjab na Fakistan a watan Satumba na 2023. A Amurka ma a 2012 an kama kwalaben Avastin na jabu waɗanda babu maganin a ciki ko kaɗan. Ina tsoron ranar da labarin alluran nan zai kai kunnen masu yawo kasuwa kasuwa da jaka. Binciken ƙasa ya nuna fiye da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa don yana, masu kwantar da ita da tsinke ne suka taɓa su, kuma wajen kashi uku cikin huɗu na waɗannan idanu makafi ne. Garin neman gira kada a rasa ido.

Shawara

Ga Gwamnatin Jiha, shawarata ita ce ta sayi mai arahar da kanta daga tushe, ta hannun da hukumar NAFDAC ta sani, a rarraba shi a wuri guda mai tsabta ƙarƙashin masana haɗa magani. Sa'an nan a tsai da rana ɗaya ko wane wata da likitan ido zai fito babban asibitin Bichi, wata ranar kuma na Dambatta, a tara masu bukata a yi musu tare. Likita ɗaya ya yi tafiya ya fi mutum arba'in da 'yan rakiyarsu su yi. Tun da dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta wa kowa shiga, Jihar Kano kuma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya wadda a ke yankar albashin ma'aikata dominta, ya dace allurar ido ta zama cikin abin da a ke biya wa masu sukari da 'yan fansho, a kuma bayyana wa jama'a haka da Hausa.

Ga akawunan ƙananan hukumomi, waɗanda suka gaji aikin En'e, ku ne masu riƙe da rajista. Ɗakin shan magani da ya rubuta sunayen masu sukari na gundumarsa zai iya tura ko wannensu a duba bayan idonsa sau ɗaya a shekara, tun bai ji kome ba. Rubuta ranar komawa da aika wa mutum tuni ta waya ko ta bakin mai unguwa ba ya cin kuɗi.

Ga 'yan'uwana malaman makaranta, kayan gwajin yana cikin ajinku. Wani likita ɗan ƙasar Suwizalan, Marc Amsler, shi ya ƙago gwada ido da takarda mai gidaje, irin ta littafin lissafi. A sami shafi mai gidajen dara, a ɗiga baƙin ɗigo a tsakiya, dattijo ya riƙe shi a tazarar karatu, da tabaransa in yana sawa, ya rufe ido ɗaya ya tsura wa ɗigon ido, sa'an nan ya sauya. In layuka sun karkace, ko wani wuri ya ɓace, to, a tafi asibitin ido cikin makon nan. Rufe ido ɗayan shi ne muhimmi, gama lafiyayyen ido ya kan rufa wa ɗan'uwansa asiri har ɓarna ta yi nisa. Wanda bai iya karatu ba, dogaran ƙofa ko layin kunya a gona sun ishe shi gwaji. Darasi ne na minti goma, yaro ya koya da safe, da yamma ya gwada kakansa.

Wanda aka yi wa allura kuma a gaya masa, ɗan ja a farin ido ba kome ba ne, zai washe. Amma in ido ya kama zogi, ja na ƙaruwa, gani na raguwa a kwanakin da suka biyo baya, ya koma wurin likita ran nan, kada ya kwana.

Game da malamina, mu tsofaffin ɗalibansa mun haɗa abin da ya sawwaƙa, an koma da shi birni. Likita ya ce ruwan ya dawo sabo da watan da aka tsallake, amma tabo bai kama ba tukuna. Shi ya yi sa'a yana da ɗalibai masu albashi. Maƙwabcinsa manomi ba shi da su, don haka ne na ke roƙon hukuma ta dubi wannan magana tun kafin damina ta sake zagayowa. Allah ya tsare mana ganinmu, ya ba shugabanninmu ikon yin abin da zai amfani talakawa, amin.